Inda taswira ta ƙare

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ke ɗora wa mai wasa nauyin gina birni irin na mutanen da. Kamfanin Impressions Games ya fitar da uku da suka shahara: Caesar III a shekara ta 1998, Pharaoh a 1999, sai Zeus a 2000. Tushensu ɗaya ne: a shata hanyoyi, a kafa gidaje, a samar da ruwa da abinci da kasuwa, har bukka ta zama soro. Sai dai kowane da abin da yake koyarwa game da mulki.

A Caesar III, ruwa aikin injiniya ne. Mai wasa yana gina tafki a bakin kogi, ya ja magudana zuwa unguwanni, gidan da ruwa bai kai gare shi ba kuwa ba ya bunƙasa. A Pharaoh, kogin Nilu ne ke da iko: yana cika shekara-shekara, ya rufe gonakin fadama, ya janye ya bar taki, kuma in ambaliyar ta yi ƙaranci sai rumbuna su bushe. Shi kuwa Zeus ya raba mazauni biyu tun daga tushe, na talakawa masu aiki da na manya masu biyan haraji mai yawa da fita yaƙi. Na farko yana koyar da tsari, na biyu haƙuri da abin da ya fi ƙarfin mutum, na uku kuma yana nuna rabon matsayi ba tare da ya tuhume shi ba.

Akwai abin da duka ukun suka yi tarayya a kai, kuma a nan tambayar ɗabi'a take. Duniyar mai wasa tana ƙarewa a gefen taswira. Daga can kogi yake shigowa, ba a tambayar wanda ya sha kafin ya iso. Ta can kuma mutane suke fita idan yunwa ko rashin aiki ya kore su, su ɓace daga allo, lissafin jama'a ya ragu, shi ke nan. Sauran birane ba su bayyana sai a matsayin abokan ciniki, ko masu kawo gaisuwa, ko abokan gaba.

Mutanen kwarin Komadugu sun san wannan gefen, domin a kansa suke zaune. Ruwan da ke ratsa ƙasar Maine-Soroa da garin Diffa kafin ya faɗa tafkin Cadi yana tasowa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya. Lokacin da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, an yi ne don noman rani da ruwan shan Kano, kuma buƙata ce ta gaskiya. Amma manomin tattasai na bakin Komadugu, wanda abincinsa ya dogara da lokacin zuwan ruwa da yawansa, yana bayan iyakar wannan taswira. Haka nan, bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, dubban iyalai sun bar garuruwansu. Ba su ɓace ba kamar mutanen allo. Sun yada zango a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, wasu kuma talakawa irinsu suka sauke su a gidajensu.

Kwarin yana da nasa birnin tarihi. Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu kusa da kogin a ƙarni na 15, ya zama fadar Borno fiye da shekaru 300, har ya faɗi a 1808. Yau kufai ne a jihar Yobe. Mai wasa, in birninsa ya rushe, sai ya koma inda ya ajiye wasan ya sake gwadawa. Mai mulki na gaskiya ba shi da wannan dama, kuma ba shi kaɗai ke ɗaukar asarar kuskurensa ba.

Wannan bai sa wasannin sun zama banza ba. Yaron da ya yi su zai gane cewa rijiya da rumbu da kasuwa a ɗaure suke da juna, kuma ilimi ne mai amfani. Aikin malami shi ne ya ƙara tambayoyi biyu da na'urar ba ta yi: daga hannun wa wannan ruwa ya fito, kuma ina waɗanda suka fita suka kwana? Ana auna gwanintar mai gina birni da abin da ke cikin ganuwarsa, amma adalcinsa sai an dubi halin waɗanda ke bayanta.