"Ku Wuce, Zan Biyo Ku"

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, a kan babbar kwaltar nan da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Mota kan cinye ta kafin rana ta yi tsaka. Mu kuwa muka ce a keke za mu yi ta, mu uku: ni, da abokina tela wanda muka tashi unguwa ɗaya, da ɗan yayata mai shekara 19. Akwai ɗaurin auren wani amininmu a unguwar Birni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na kuma yi masa alkawarin za a ɗaura ina zaune. Ni ne na ɗauki takarda na raba tafiyar gida uku, kilomita 80 kowace rana, mu tashi Talata mu isa Alhamis da yamma. Na rubuta kayan faci, famfo, tif biyu, jarkar ruwa, ƙuli-ƙuli da dabino, bargo saboda ƙarshen Disamba ne. Na karanta musu, kowa ya ce ya yi.

Abin da na mance ban sa a lissafi ba shi ne iska. A lokacin hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma gabas muka dosa. Da asuba takan kwanta, da hantsi ya ɗaga sai ta tare mutum a ƙirji, ka ga kana taka feda kamar mai hawan tudu alhali ƙasa a shimfiɗe take. Maganinta ɗaya ne, ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya karɓi iskar, na baya su fake da shi, a riƙa canji. Ranar farko haka muka yi, muka wuce Cadawa muka kwana Agye. Na lura tela ba ya daɗewa a gaba, na ɗauka lalaci ne na mai zaman shago.

Rana ta biyu, bayan mun wuce Gazawa, ya sauka ya zauna gindin wani gawo ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwarsa ta dama ta kumbura. Ashe ciwon ya fi shekara, ya ɓoye don kada mu ce ya zauna gida. Da ƙyar muka shiga Tasawa da la'asar, saura rabin tafiya cur. Na ce a sa shi a motar haya da kekensa, ya ƙi. Ya ce bai baro Maraɗi a keke don ya shiga Damagaram a bayan mota ba. Da daddare a wurin mai shayi ya dube ni ya ce, "Malam, ku wuce, zan biyo ku sannu-sannu."

Na wuce. Na bar masa yaron, na tashi da asubar Alhamis ni kaɗai, na kwana Takeita, na isa kafin a kira salla. An ɗaura auren ina zaune. Su kuma sai ranar Lahadi suka iso, a kan kekunansu.

Tun ran nan tambaya ɗaya ta ƙi barina. Idan abokin tafiya ya ce ka wuce, ya sallame ka ke nan?

Kwanakin farko hujjojina a shirye suke. Alkawari biyu ne suka yi karo, wanda na yi wa ango kuwa ya riga na tafiya. Ban bar shi a daji ba, a gari na bar shi, inda akwai asibiti da tasha, tare da yaro mai ƙarfi. Shi ne ya ɓoye ciwo, wanda ya shigo cikin shiri da ƙarya kuwa bai kamata ya ɗora wa sauran nauyinta ba. Kuma da bakinsa ya ce in tafi. In ba za a ɗauki maganar babban mutum yadda ya faɗe ta ba, ai an mayar da shi yaro. Har yau ina ganin wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi. Akwai wani irin jira da yake wulakanci ne, ka tsaya wa mutum kana duban agogo, kana sauke numfashi, har ya gwammace ka tafi. Na san halina, da na zauna irin wannan jiran zan yi.

Sai dai ni Bahaushe ne, na san yadda muke magana. Baƙo kan ce ya ƙoshi alhali da yunwa ya kwana. Wanda aka taka kan ce ba komai. Kara ce ke magana a irin wannan wuri, mai sauraro kuma ya san ita ce, shi ya sa ake sake tayi sau biyu, sau uku, har a gane gaskiyar cikin mutum. Ni sau ɗaya ya faɗa na karɓa. Ban ce masa "a'a, tare muka fito" ba don in ji ko zai maimaita. Na yi saurin karɓa ne domin abin da nake son ji ke nan. Saboda haka ko da a ce da zuciya ɗaya ya sallame ni, ban tsaya na tabbatar ba, wannan kuwa laifina ne ko da sakamakon ya zo daidai.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne takardar nan. Daga ina na samo 80? Daga ƙafafuna. Ni nake zuwa aiki a keke kullum, shi kuwa feda ɗaya ya sani, ta keken ɗinki. Da na rubuta lambar na karanta a gabansu, ban ba shi wata ƙofa ba sai biyu: ya ce zai iya, ko ya fito fili gaban yaro ya ce ya gaza. Na kira abin da ya yi ƙarya, amma ni na gina ɗakin da ba a shiga sai da ita. Da na tambayi kowa a keɓe nawa zai iya, ko da na ce mu tashi Lahadi mu bar kwana biyu na ko-ta-kwana, da ba a kai ga zaɓi tsakanin ango da tela ba. Ina ganin yawancin abin da muke kira tsaka mai wuya a hanya, tun a gida aka ƙulla shi, ranar da mai ƙarfi ya riƙe alƙalami.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun fi mu sanin wannan. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai duba hanya, kuma ba a yanka zango da saurin doki, sai da abin da jaki mai kaya zai iya. Ba na cewa tausayi ne kawai ya sa su haka, tsoron 'yan fashi ma yana ciki, domin wanda ya ware shi ake fara ci. Mu yanzu da kwalta da wayar hannu rabuwa ta yi arha, shi ya sa take zo mana a rai da wuri.

A Tasawar nan ma an taɓa wata rabuwa da ta fi tamu nauyi. A watan Janairun 1851 Turawa uku da suka ƙetaro Sahara, Richardson da Barth da Overweg, suka raba hanya bisa yarjejeniyar za su haɗu a Kukawa ta Borno. Richardson ya ware tun daga Damargu ya bi ta Damagaram, sauran biyun suka zo Tasawa, Barth ya nufi Katsina da Kano. Richardson ya rasu a hanya cikin watan Maris, bai kai Kukawa ba. Babu wanda ya ci amanar wani a cikinsu, shawara ce suka yanke tare, kuma zazzaɓi ba ya jin tsoron yawan mutane. Amma idan na tuna labarin nakan ga cewa duk mai cewa "sai mun haɗu a can" yana rantsuwa ne da abin da ba a hannunsa yake ba.

Wani zai ce to mafita ita ce mutum ya yi tafiyarsa shi kaɗai, ba ya jiran kowa, ba mai jiransa. Na ɗanɗana hakan kwana ɗaya da rabi. Gaskiya akwai daɗi, ka tsaya inda ka so, ka tashi lokacin da ka so. Amma iskar duk a ƙirjina ta ƙare, babu bayan wanda zan fake. A Takeita wani dattijo da bai san sunana ba ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, aka kawo tuwo, da safe ya ƙi karɓar ko dala. Ina cin tuwon ina tuna cewa abin da baƙo ya yi mini a kyauta, ni ban yi wa abokin shekara 30 ba.

Bai taɓa yi mini gori ba. Da suka iso ranar Lahadi dariya yake yi, yana ba da labarin yadda yaron ya riƙa tare masa iska tun daga Tasawa. Labarin nasu ne su biyu, in suna yi sai in yi shiru, domin ba ni a ciki.

Bana maganar ta sake tasowa, gwiwa ta yi sauƙi. Na je shagonsa da takarda, na rubuta sunayen garuruwan na bar gurbin lamba, na miƙa masa biro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta 50. Ɗan yayata ya leƙo ya ce, "Kawu, kwana biyar ke nan fa." Hutun da nake samu a wurin aiki kwana huɗu ne, har yanzu ban gaya musu ba.