Yaron da ya toshe kunnensa a sahu na uku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu daban-daban, Ya ba kowa rabonsa na lafiya da fahimta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, jama'ar masallacinmu na Ƙofar Wambai, yau gyaran namu ne. Juma'a biyu da suka wuce, wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya zo da ɗansa mai kimanin shekara 9. Da aka fara huɗuba, lasifika ta ɗauka, sai yaron ya toshe kunnuwansa, yana jijjiga jiki gaba da baya, yana ƙara. Wani ya daka masa tsawa. Wani ya ce a fita da shi, masallaci ba wurin mahaukata ba ne. (Ko ba komai, magana liman na kan mumbari ai kun san hukuncinta.) Uban ya ɗauki takalmansa, ya ja hannun ɗansa suka fita. Har yau bai sake bin sallah tare da mu ba. Ba za mu kama sunan kowa ba, domin da wanda ya yi maganar da mu da muka yi shiru, duk muna ciki.

Yaron nan ba mahaukaci ba ne. Yana da larurar da mutanenmu ke kira galahanga, kodayake mukan haɗa larurori iri-iri mu laƙaba musu wannan suna. Tasa ita ce likitoci ke cewa otizim. Da ita ake tasowa, tun kafin shekara 3 alamunta ke fitowa: a kira sunan yaro bai waiga ba, ba ya son haɗa ido, magana ta yi jinkiri ko ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa, in an sauya masa abin da ya saba hankalinsa ya tashi. Ƙarar da mu ba ta dame mu ba, shi ciwo take masa a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kimanin yaro 1 cikin 100 na da ita. To ku ƙirga yaran Islamiyyarmu kaɗai.

Mun san abin da ake faɗa a gidaje. Aljanu ne, sammun kishiya ne, ko uwar ce ta jawo. Mun yi imani da aljanu, kuma addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba mai hana su. Amma turara wa yaro hayaƙi har ya shaƙe, a zane shi wai ana dukan aljani, a sa masa mari, wannan fa zalunci ne, kuma Allah zai tambaya. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, mutane ɗaruruwa a kulle, wasu da sarƙa a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya. Masu cewa allurar rigakafi ce ke kawo larurar su ma su ji: wani likita a Ingila ne ya yaɗa zancen a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma cire sunansa daga rajistar likitoci. Kada a hana yaro rigakafin ƙyanda saboda wannan.

Yanzu mu dubi wanda muke koyi da shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas labarin wata mata mai larura a hankalinta, ta zo wa Manzon Allah (SAW) da buƙata. Bai ce a janye ta ba. Ya bar mata zaɓin wurin da za su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama. Shi ne kuma yake taƙaita sallah in ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi. Sallar farilla fa, a masallacinsa! Suratu Abasa kuwa dukanmu mun haddace ta tun muna allo, mun san a kan makahon nan Abdullahi ɗan Ummu Maktum ta sauka, wanda ya zama ladan, har akan bar masa Madina in an fita. Mu ga shi ƙarar yaro ta minti biyu ta gagare mu.

Akwai abin da ya ƙara nauyin a kanmu. Mafi yawanmu baƙi ne a Bauchi, neman halal ya kawo mu daga Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram. A can gida akwai kaka, akwai goggo, akwai kawu da zai karɓi yaro uwa ta ɗan runtsa. Nan fa? Maigida ya fita Wunti ko Muda Lawal tun safe sai magariba, ita kaɗai ce da yaron da ƙannensa, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, don gudun bakin mutane. Dangin da take da su a garin nan mu ne. Mata, ku leƙa ta, ku karɓar mata yaron ko na awa ɗaya.

Iyayen da suka ga alamu, ku kai yaro sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, a duba har da jinsa, don wani lokaci kurumta ce. Babu ƙwayar da ke warkar da larurar, duk mai sayar muku da ita kuɗinku yake so. Abin da ke aiki shi ne koyarwa da wuri, da haƙuri, abu ɗaya-ɗaya, a kan tsarin da ba ya sauyawa. Malaman Islamiyya, ku zaunar da shi kusa da ku, nesa da hayaniya, a ajiye bulala. Wani zai ba ku mamaki a hadda, wani ba zai taɓa furta kalma ba, kowanne haƙƙinsa na nan. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma tana bayansu.

Sai tambayar da ke hana iyaye barci: in mun mutu wa zai riƙe shi? A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayanin yara 11 masu wannan larura. Na farkonsu, Donald Triplett, ya rayu shekara 89, ya rasu a 2023. Ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin ƙaramin garinsu, yana tuƙa motarsa. Gidansu masu hali ne, gaskiya, amma mutanen garin ma sun ɗauke shi nasu. Mu 'yan kasuwa ne. Shago nawa ne a cikinmu ke neman mai jera kaya, mai ƙirga katan, wanda bai iya ha'inci ba? A ɗauke shi a koya masa, a biya shi ladansa cikakke.

Gado kuma, rabonsa nasa ne, larura ba ta rage shi. Suratun Nisa'i aya ta 5 da ta 6 sun shimfiɗa yadda waliyyi zai riƙe dukiyar wanda bai iya juya ta ba, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga cikinta, ya yi masa kyakkyawar magana. Iyaye, tun kuna raye ku zaɓi amintacce, a rubuta, a sa shaidu. In 'ya mace ce, a ninka kulawa.

Kwamiti ya rage ƙarar lasifikar ciki daga yau, an kuma ware gefen ƙofar kudu ga duk uban da ya zo da irin wannan yaro, ya fita ya dawo ba mai kallonsa. Bayan La'asar liman da dattawa za su je gidan ɗan uwanmu neman afuwa. Wanda ya san ya yi magana ranar nan, ya jira mu a bakin ƙofa mu tafi tare.