Ɗana, kada ka saki kibiyar da ba za ka bi ba

Ɗana, kai da ka tashi a Gudel, inda birnin Yamai ya cinye dajin da kakanni suka yi farauta a cikinsa, na ga baka da kwari sun shiga ranka. Madalla. Amma ka sani, maharbi ba a ja masa kirari don yawan harbi, sai don naman da ya kai gida.

Kafin ka ja tsirkiya, nemi izinin hukuma. Dokar farauta ta Nijar, ta 29 ga Afrilu 1998, ba ta bar daji sakaka ba, kuma Gandun Dajin W ba wurin harbi ba ne.

In Allah Ya haɗa ka da barewa ko gada, yi haƙuri ta ba ka haƙarƙari. Auna bayan ƙafar gaba, ƙasa-ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke. In ta fuskance ka, ko tana gudu, ko ta yi nisan da hannunka bai saba ba, sauke baka. Harbin ciki ko cinya azaba ce kawai: dabba ta tafi da kibiya, ta mutu a ƙungurmin daji, kura da ungulu su ci. Annabi (SAW) ya umurce mu da kyautatawa har wajen kisa da yanka.

Ka yi bisimilla ka harba? To, kada ka ruga. Riƙe wurin da ta tsaya da inda ta ɓace, ka dakata kamar rabin sa'a. Wadda aka kora da zafin rauni nisa take yi, wadda aka ƙyale kusa take kwanciya. Sannan ka karanta jini. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, ƙara jira. In ya zo da ɗoyi da guntun ciyawa, tumbi ka samu, jiran na sa'o'i ne. Bi sawu daga gefe don kada ka tattake shi, ka sa alama a ɗigon ƙarshe, ka duba sarƙaƙiya da bakin ruwa. In ka tarar da ita da rai, yanka ta nan take.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya halatta abin da kibiyarka ta kashe muddin bai kwana a ɓace ba. Saboda haka kada ka yi harbi rana na gab da faɗuwa, duhu zai raba ka da sawu.

Namun daji sun yi ƙaranci, ɗana. Mariri ma ya ƙare a dajinmu. Gara ka dawo hannu rabbana da ka bar dabba tana nishi a jeji. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa tausayi a hannunka.