Kasaru a Kan Katifa

Fataken da suka riƙa kwashe watanni a hanyar Gwanja neman goro, suna kwana a zango suna tashi da umarnin madugu, ba su taɓa shakkar cewa su matafiya ne ba, domin ƙafafunsu sun ishe su shaida. Amma da aka buɗe layin dogo tsakanin Ikko da Kano a 1912, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, har ta kai mai hali yana samun ɗaki a tarago, da gado da fitila da abinci a teburi, ya yi barci jirgi na ratsa Zungeru da Minna ya farka a wata ƙasa, sai tambaya ta taso wadda mai tsantseni ba zai rasa yi wa kansa ba: shin wanda ya ci wajen mil 700 a kwance yana da hakkin rage salla kamar wanda ya taka su da ƙafa?

Wasu bayin Allah, da kyakkyawar niyya, sukan ce a'a, tunda an saukar da rangwame ne saboda wahala, ga shi kuwa wahala ta kau. Ina ganin girman niyyarsu, amma ban bi su ba, dalilina kuwa shi ne abin da malaman Usulu suka bambance tsakanin illa da hikima. Sauƙaƙa wa bawa shi ne hikimar kasaru, babu musu. Sai dai Shari'a ba ta rataya hukunci a kan wahala ba, domin wahala ba ta da mudu, abin da ya galabaitar da tsoho wasa ne a wurin saurayi, kuma da an bar wa kowa ya auna tasa, da mai son zuciya ya rage salla a gindin gidansa, mai waswasi kuma ya cika ta a tsakiyar hamada. Saboda haka aka rataya shi a kan illa, dalilin da ido ke gani, wato ita kanta tafiyar, wadda fuƙaha'un Malikiyya suka iyakance da buridi huɗu, mil 48, kamar yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid, muddin tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma matafiyi bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Irin wannan shubuha ma ta gabata tun zamanin Sahabbai. Ayar kasaru a Suratun Nisa'i ta ambaci tsoron abokan gaba, kuma Muslim ya ruwaito cewa Ya'ala bn Umayya ya tambayi Sayyidina Umar yadda za a ci gaba da ragewa alhali an sami aminci, Umar ya ce shi ma ya yi wannan mamaki har ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka amsa masa cewa sadaka ce daga Allah, a karɓa. Idan gushewar tsoro bai ɗauke rangwame ba, to taushin katifa ba zai ɗauke shi ba. Kuma ni ban ga ladabi ba a wurin bawan da zai mayar wa Ubangijinsa kyauta don yana ganin bai sha wuyar da ta kai ba. Azumi a tafiya ne ke da nasa hukunci, domin a mazhabarmu wanda yake da ƙarfi ya fi masa ya yi azuminsa, kuma mai gado a tarago ya fi kowa kusa da wannan.

Ban da haka, daɗin jirgi bai mayar da mutum mazauni ba. Lokacin tashi da na tsayawa ba a hannunsa suke ba, ruwan alwala kan yanke, shi ya sa dattawa ke tafiya da ɗan dutsen taimama a aljihu, alƙibla kuma tana juyawa duk inda dogo ya karkata, har malamai suka ƙiyasta shi da jirgin ruwa, suka ce mai farilla ya tsaya idan zai iya, ya fuskanci alƙibla, ya juya idan jirgi ya juya. Azahar da La'asar ana iya haɗa su a tasha, haka Magariba da Isha'i. Asuba ce ba ta raguwa, ba ta haɗuwa da kowace salla, lokacinta kuma gajere ne, yana shiga daidai sa'ad da kaɗawar tarago ta fi daɗin barci. A nan ne mai tsantseni ya kamata ya nuna tsantseninsa, ya roƙi maƙwabcinsa ya tashe shi kafin gari ya waye.