Wa ke riƙe da dutse bayan ya bar hannu?

Dutsen da aka jefa yana ci gaba da tafiya bayan hannu ya sake shi, kuma wannan ɗan abu ya hana masana barci fiye da shekara dubu. Aristotal ya ce iska ce ke tunkuɗa shi. Yahya an-Nahwi, malamin Iskandariya a ƙarni na 6, ya ƙi yarda, ya ce mai jifan ne ke zuba wa dutsen ƙarfi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙara da cewa wannan ƙarfi ba ya ƙarewa da kansa, sai wani abu kamar iska ya tare shi. A 1638 Galileo ya raba tafiyar gida biyu: gudun gaba da ba ya canzawa, da faɗuwa ƙasa mai ƙara sauri. Yau ɗan sakandare zai lissafa maka cewa dutsen da ya tashi da gudun mita 20 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 45, zai sauka wajen mita 41 daga mai jifa, in aka cire tirjiyar iska.

To, in lissafi ya faɗi masaukin dutse tun yana hannu, ina ikon Allah ya shiga? A ganina tambayar ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Lissafi yana faɗin yadda dutse ya saba yi, bai faɗi abin da ya wajabta masa yin hakan ba. Imamu Gazali, a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin ƙuna a lokacin da suka haɗu, amma bai taɓa ganin tilas a tsakaninsu ba. Wanda ya karanta tauhidin Sanusi a zaure ya san wannan da sunan hukuncin al'ada, wato abin da maimaituwa ta tabbatar alhali hankali bai kore saɓaninsa ba. Misali, jan ƙasa yana ƙara wa abu mai faɗuwa gudun mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A duniyar wata adadin 1.6 ne. Dokar da ta haɗa su ma da awo aka gano ta, ba da zaman tunani ba.

Ibn Rushd ya yi wa Gazali raddi mai nauyi: wanda ya musanta sababi ya rushe ilimi, don sanin abu shi ne sanin sababinsa. Ban raina wannan magana ba, amma tarihin kimiyya bai goyi bayanta ba. Newton ya fitar da dokar jan nauyi a cikin littafinsa a 1687, kuma a bugu na biyu na littafin, a 1713, ya faɗa ƙarara cewa bai gano sababin jan ba, ba kuma zai ƙirƙiro ba. Duk da haka da dokarsa ake lissafin hanyar tauraron ɗan'adam. Ashe abin da mai lissafi ke bukata shi ne tsarin ya ɗore, kuma mumini yana da dalilin sa ran ɗorewarsa, tunda ya yarda Mai tsarawa ba ya wasa.

Inda na fi jin takaici shi ne masu fakewa da Gazali don gudun awo, suna cewa ai komai yin Allah ne. Hujjar tasa akasin haka take nunawa. In da faɗuwar dutse wajibi ce ta hankali, da mutum ya rufe ido ya ciro 9.8 daga kansa. Tunda zaɓin Mahalicci ce, babu hanyar saninta sai a fita da agogo da ma'auni a duba abin da Ya zaɓa, kamar yadda Galileo ya yi ta gangara ƙwallo a kan katako yana auna lokaci da zubar ruwa.