Kafin ka sa wa kyanwarka suna

Ɗana, idan ka kawo 'yar kyanwa gida har kana neman sunan da za ka sa mata, ban ga laifinka ba. Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Ƙaswa, da alfadara Duldul, da jaki Ufairu. Abu Huraira kuwa, wanda ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi, 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa laƙabin da ya rufe sunansa na yanka. Sai dai labarin nan da ke yawo a WhatsApp na wata kyanwar Annabi wai ita Mu'izza, malaman hadisi ba su samo masa ingantaccen isnadi ba. Kada ka kafa hujja da shi.

Sunan kyanwa ba a ɗaki yake zama ba. Da ƙarfi ake kiransa, a tsakar gida, kuma galibi sai ta yi ɓarna. Dubi gidajen haya na Unguwar Shanu, ko Hayin Banki, ko Kawo a nan Kaduna: ɗaki na jikin ɗaki, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ran da ta tsoma baki a kaskon kifi, tsawa za ka daka, "Ke wance, ɓarauniya!" In akwai mai wannan suna a ɗakin da ke kallon naku, me za ka ce wa mijinta? Nan ma ba da gangan ba ke nan. Akwai masu yi da gayya, su laƙaba wa dabba sunan kishiya ko na abokin gaba don su samu hanyar habaici. Kyanwar ba ruwanta, tana can tana lasar ƙafa, mutane na gaban mai unguwa.

Ka kuma tuna da alkunya. Maiɗakinka ba ta kama sunan mahaifiyarka, ba ta kama na ɗanta na fari. Ka ɗauki irinsa ka ba kyanwa, ka sa ta a tsaka mai wuya, Hajiya kuma in ta zo ta ji, ba ni zan ba ta haƙuri ba.

Sunayen Annabawa da sahabbai da matan Annabi ba sai na ja maka kunne ba. Wanda matasa suka fi mantawa shi ne Kaduna ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Akwai Gbagyi da Bajju da Atyap, akwai Nufawa da Yarabawa da Ibo. Sunan da ka tsinto a fim ɗin Amurka ko ƙwallon Ingila, kana ganin ba shi da mai shi, wataƙila sunan baftisma ne na maƙwabcinka. Garin nan ya ga rikicin 2000, ya ga na 2002, mutane da yawa sun kwashe kaya sun haye kogi. Wanda ya zauna kusa da kai bayan wannan, bai kamata ya ji ana korar sunansa da tsintsiya ba.

To me ya rage? Da yawa. Ka duba launinta da halinta: Toka, Auduga, Goro, Dabbare, ko Sanɗa in mai tafiyar ɓarayi ce. Gajere, gaɓa biyu ko uku, ka riƙa kira lokacin ba ta abinci har ta gane.

In baƙa ce, ko da wasa kada ka ce mata Mayya ko Aljana. Yaran unguwa ba su san wasa ba, su ji daga bakinka, gobe da duwatsu za su bi ta lungu. Ka ce mata Kwalli.