Fuskar Yaro: Haja Ce Ko Amana?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ba su faɗa mana wanda ke da haƙƙin gani ba, balle wanda ke da haƙƙin ɗaukar abin da ya gani ya kai kasuwa. Wannan tambaya ce ta tsaya mana a rai game da sana'ar ɗaukar hoton yara, musamman idan uwa ce ta rataya kyamara tana neman abinci da ita a garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum.

Bari mu ƙaddara wata uwa ce a Gummi mai 'ya'ya huɗu. Da wayar maigidanta ta fara, tana ɗaukar autarta ran Sallah. Maƙwabta suka ga hoton ya yi kyau, aka soma kiranta gidan suna da walimar saukar karatu, har ta kwashi adashi ta sayi kyamara. Tana da gatan da namiji mai hoto ba shi da shi, domin "Ba Shiga" da ke rubuce a ƙofar zaure ba da ita ake ba. A hankali ta gane hasken hantsi ya fi na tsakar rana sauƙi a fuskar jariri, ta gane sai ta tsuguna daidai tsayin yaro kafin ya saki jiki, kuma duk wanda aka daka wa tsawa ya yi murmushi, tsoro ne zai fito a hotonsa. Rabin wannan ilmi ba a makaranta ta samo shi ba, a wajen goyo da reno ta samo shi.

Ba ita ce farau ba. A Ingila, Julia Margaret Cameron tana da shekara 48, ta gama renon 'ya'yanta, sa'annan 'yarta ta ba ta kyautar kyamara a 1863. Ta mayar da ɗakin kaji wurin ɗaukar hoto, kuma hoton farko da ta ce ta yi nasara a kansa, a 1864, na wata ƙaramar yarinya ne. Yau ana lissafa ta cikin manyan masu wannan fasaha.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce yaro ba ya iya cewa i ko a'a. Babba yakan gyara hula ya tsaya, in bai so ba ya juya baya. Yaro kuwa ɗaukarsa ake a ajiye. Iyaye ke biyan kuɗi, mai hoto ke samun suna, amma fuskar tasa ce, kuma shi zai rayu da hoton bayan kowa ya manta. Kakanninmu ma ba su ɗauki kallon yaro da wasa ba. Bahaushiya takan yi alkunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta ƙura masa ido gaban mutane, kuma ana gudun yawan yabon jariri saboda tsoron kambun baka. Ko mun kira wannan camfi, akwai hikima a ƙarƙashinsa: ba kowane ido ya cancanci sauka a kan yaro ba.

Mutanen yammacin Zamfara sun san nauyin wannan magana fiye da kowa. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura yara ƙanana na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce da ke cikin duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Daga nan masu ɗaukar hoto suka yi ta zuwa daga nesa, duniya ta ga 'ya'yanmu kwance a gadon asibiti, ta ga ƙananan kaburbura jere.

Ba za mu ce sun yi laifi ba, domin in mun faɗi haka mun yi butulci. Waɗannan hotuna na cikin abin da ya sa duniya ta waiwayo, kuma sai da aka yi ta matsa wa gwamnati lamba kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013. Amma mu tambayi kanmu: yaron da aka ɗauka yana shekara uku a 2010, wanda Allah Ya yi wa sauran kwana, yau saurayi ne. Hotonsa na ranar da ya fi kowace rana wahala yana nan a intanet, ba wanda ya shawarce shi. Uwar da ta binne nata kuma, wane hoto aka bar mata? Sau da yawa baƙo yakan tafi da hoton, gida ya saura da kewa.

Mun tuna da Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, wanda a 1993 ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye bayansa. Hoton ya girgiza duniya, ya samo masa lambar Pulitzer a 1994, amma tambayar da mutane suka yi ta jifarsa da ita ita ce: me ya faru da yaron? Mai hoton da ke wucewa ba kasafai yake da amsar wannan tambaya ba.

A nan ne muke ganin darajar uwar nan ta Gummi. Ba wai ta fi baƙo tausayi ko ƙwarewa ba ne, a'a, ita ba ta da inda za ta tafi. Gobe za ta haɗu da uwar yaron a gidan biki ko wajen awon ciki. Ta san sunansa, ta san ranar da aka yaye shi. Hoton da ta ɗauka cikin gidan yake komawa, a rataye a bango ko a adana a ƙasan akwati. Idan yaron ya girma zai ga kansa da sabuwar riga da kwalli, ya san an taɓa kallonsa da idon ƙauna. Idan kuma ta Allah ta kasance, uwarsa tana da abin dubawa. A yankin da rashin tsaro ya raba dubban mutane da ƙauyukansu, wannan ba ƙaramar hidima ba ce.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, zama uwa ba laya ba ce. Da zarar sana'a ta bunƙasa, jarrabawa takan biyo baya. Za ta so ta tallata aikinta a Facebook, kuma hoton 'yar wani da ɗan kunnen zinare, ga sunan unguwa a ƙasa, yana iya faɗawa idon masu satar mutane don kuɗin fansa. Wata rana kuma wani zai zo da kuɗi mai tsoka yana neman hoton yara masu ban tausayi, har ya ce kada a wanke musu fuska. Ranar ce za a san ko mai sana'a ce ko 'yar kasuwar fuskoki.

Ma'aunin da muke gani ba mai wuya ba ne, ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Kafin ta danna, ta tambayi zuciyarta: da nawa ne, zan yarda a ɗauke shi haka? In ya girma ya gani, zai gode mini ko zai sunkuyar da kai? Kuɗin da take karɓa halalinta ne, ladan idonta da haƙurinta da guminta. Abin da ba nata ba shi ne fuskar, wannan ajiya ce aka ba ta har mai ita ya yi hankali.

Saboda haka mu a ganinmu, ba a auna ci gaban irin wannan uwa da tsadar kyamararta ko yawan masu kiranta kaɗai. A haɗa da hotunan da ta iya ɗauka ta ƙi, da waɗanda ta ɗauka ta miƙa wa masu su ba ta bar wa kanta ba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amana.